Rana ɗaya ce, zafin ne ya bambanta: yadda gona, daji da gajimare ke rabon ƙarfin rana

Duk shekara da bazara ta kankama, ma'auni ya haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri, Ƙonni ko Damagaram, sai magana ɗaya ta dawo majalisu da gidajen rediyo: mun sare itatuwa, shi ya sa muke gasuwa, da za a dasa da yawa da zafi ya sauka, ruwa ya wadata. Wasu kuma su ce faɗa ce kawai, ai tsakiyar hamada babu ko tsiro, amma da dare sai an nemi bargo. A Afrilun 2024, da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, an sake tayar da muhawarar. To, itace yana sanyaya gari ne, ko inuwa kawai yake bayarwa? Gona tana iya taɓa yanayin da ke samanta? Me ya sa daren da gajimare ya rufe sama ya fi hana barci?

Amsar duka tana cikin lissafi guda: abin da doron ƙasa yake karɓa daga rana, da hanyoyin da yake kashe shi.

Afrilu da Agusta a Kano

Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara rana ke tsayawa tsakar kai sosai a birnin: wajen 21 ga Afrilu, da kuma wajen 21 ga Agusta. Tsayin yini kusan ɗaya ne, ƙarfin hasken da ke isowa saman sararin samaniya kusan ɗaya ne. Amma zafin tsakar rana a Afrilu yana kaiwa digiri 38 zuwa 40, na Agusta kuwa yana tsayawa wajen 30.

Rana ba ta sauya ba. Abu uku ne suka sauya: a Agusta akwai gajimare, ƙasa tana da danshi, kuma ganye ya rufe ta. Waɗannan ukun su ne suka cinye digiri kusan goma.

Shiga da fita

Ana auna ƙarfin haske da wat a kan murabba'in mita ɗaya. Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, wat 900 zuwa 1,000 ne ke sauka a kan kowane murabba'in mita a yankinmu. Idan aka tara na yini guda, ya kai kilowat-awa 6 ko kusa da haka, wato hekta ɗaya tana karɓar wajen kilowat-awa 60,000 kullum. Wannan ƙarfi ba ya ɓacewa. Dole ya bi wata hanya.

Kashin farko ƙasa ba ta ma karɓarsa, mayar da shi sama take yi kamar madubi. Masana suna kiran wannan rabon albido. Farin rairayin hamada yana mayar da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, gona mai kore kashi 18 zuwa 25, daji mai duhuwa kashi 10 zuwa 15, ruwa da sabuwar kwalta ƙasa da kashi 10. Ƙasa ɗaya ma idan ta jiƙe sai ta yi duhu, albidonta ya faɗi sosai. Duk mai sa baƙar riga a bazara ya san wannan darasi.

Kashi na biyu hucin da ido ba ya gani ne. Kowane abu mai ɗumi yana fitar da shi, kamar yadda ake jin hucin bango da magariba ba tare da an taɓa shi ba. Ƙasa mai digiri 30 tana fitar da wajen wat 480, mai digiri 60 kuwa kusan 700. Sama ma tana dawo da nata hucin ƙasa, daga tururin ruwa, iskar kabon da gajimare. Bambancin abin da ya fita da abin da ya dawo shi ne asarar ƙasa ta wannan hanya.

Abin da ya rage bayan waɗannan biyu shi ne jarin da ƙasa ke da shi a hannu, kuma ƙofa uku yake fita. Wani ya nutse cikin ƙasa, ya dawo da dare. Wani ya dumama iskar da ke shafar ƙasa, ita ce zafin da fata ke ji, ita ce ke sa kawalwalniya a kan titi da guguwa a fili. Wani kuma ya tafi wajen mayar da ruwa tururi, daga jiƙaƙƙiyar ƙasa ko daga ganye. Abin da tsiro ke ɗauka don haɗa abincinsa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin ɗari ba, don haka a wannan lissafi ba a cika damuwa da shi ba.

Darasin randa

Ƙofa ta uku ce mutane suka fi raina wa, alhali ita ce babba. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta zama tururi sai ta sha megajul 2.45 na zafi (megajul ma'aunin yawan zafi ne). Wannan ya ninka abin da ake buƙata a ɗaga litar daga digiri 25 zuwa tafasa kusan sau takwas. Kuma zafin da ya shiga tururi ba ya ɗaga ma'auni ko kaɗan. Ɓuya yake yi cikin tururin, ya hau sama, sai can inda tururin ya dunƙule ya zama gajimare sannan ya sake shi.

Randar ƙasa a kan wannan take aiki: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, yana bushewa, yana tafiya da zafin na ciki. Haka gumi yake yi wa jiki. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani a ƙauyukan Jigawa, don adana tumatir da gauta, har ya samu kyautar Rolex a 2000.

Gona mai ganye randa ce babba. Idan hekta ɗaya ta fitar da milimita 5 na ruwa a yini, lita 50,000 ke nan, kuma sun tafi da kilowat-awa kusan 34,000. Fiye da rabin abin da rana ta zuba wa gonar ya tafi ba tare da ya dumama iska ba.

A kwatanta fili biyu da tsakar rana, bisa ƙiyasi. Busasshiyar jigawa ta karɓi wat 950, ta mayar da wajen 285, ta yi asarar wajen 200 ta huci saboda ta ɗauki zafi sosai. Saura 465. Wajen 100 ya nutse ƙasa, sauran 350 da ɗoriya duk iska ce za ta kwashe, domin babu ruwan da zai sha. Gonar masara mai danshi ta karɓi 950 ɗin, ta mayar da 190 kacal, ta yi asarar 70 ko 80 ta huci. Saura kusan 680, wato ta fi jigawar riƙe ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma 450 zuwa 500 ruwa ne zai tafi da su, abin da zai isa ga iska bai fi 150 ba. Filin da ya fi shan rana shi ne ya fi sanyi.

Akwai ma'aunin da ake gwada wannan da shi, wanda Ira Bowen na Amurka ya fitar a 1926: a raba zafin da ya shiga iska da wanda ya shiga tururi. A dazuzzukan Kwango da Amazon sakamakon yana ƙasa da rabi, a busasshiyar hamada yana iya wuce 10. Sahel kuwa tana yin duka biyun cikin shekara ɗaya, wani lokaci cikin mako ɗaya, domin ruwan farko yana sauya lissafin cikin dare.

Gona: wata huɗu tana numfashi, wata takwas tana tsirara

Matsalar gonar gero ko dawa ba wai ba ta sanyaya wuri ba ce. Daga Yuli zuwa Satumba tana yi, har tana iya yin kafaɗa da kafaɗa da daji. Matsalar ita ce saiwarta gajera ce kuma ranta gajere ne. Da an yi girbi aka kwashe kara, aka kai harawa gida, dabbobi suka share karmami, sai fili ya zauna tsirara har wata daminar. A Afrilu da Mayu saman rairayin nan yana wuce digiri 60, alhali ma'aunin hukuma, wanda ake ajiyewa cikin farin akwati mai ƙofofin iska wajen mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa, yana nuna 42. Mutum a tsaye yana rayuwa a 42, amma tsiron geron da bai wuce ɗan yatsa ba yana rayuwa a wancan 60 ɗin. Shi ya sa shukar farko take yawan ƙonewa idan ruwa ya ɗauke kwana goma bayan tsirowa: ba ƙishirwa kaɗai ba ce, dafuwa ce.

Kara da aka bari shimfiɗe a gona yana tare hasken kafin ya taɓa ƙasa, kuma iskar da ke tsakanin karan ba ta wuce da zafi da sauri. Ƙasan yana yin sanyi, danshi yana daɗewa. Gwaje-gwajen da aka yi a tashar cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa wajen tan 2 na karan gero a hekta yana rage rairayin da iska ke kwasa sosai, wanda shi ne ke yanka tsiro yana binne shi a farkon damina. Sai dai kowa ya san karan nan yana da masu jiransa: danga, murhu, da bakin dabba. Ba jahilci ke sa a kwashe shi ba.

Ƙona gona kuwa asara biyu ce a wannan lissafi. Ta cinye rufin, sannan ta bar baƙar toka da ke shan haske fiye da ƙasar da ke ƙarƙashinta, har sai iska ta share ta.

Noman rani wani abu ne daban. Duk wanda ya shiga Kadawa ko Kura, inda ruwan dam ɗin Tiga ke bi ta magudanai, ya san iskar wurin ta bambanta da ta tudu. Busasshiyar iska mai zafi tana shigowa daga kewaye, ganye ya karɓi zafinta ya kashe shi a kan ruwa. Don haka gonar da ke bakin fili, ta gefen da iska ke fitowa, tana shan ruwa fiye da ta tsakiya, kuma ƙaramar fadama da busasshiyar ƙasa ta kewaye tana buƙatar ruwa a kowace hekta fiye da babban fili. Manomin da ya yi lissafin man injinsa da na maƙwabcinsa na tsakiya zai ga nasa ya ƙare da wuri. Akwai kuma wani gefen: sanyin ban-ruwa yana zuwa da danshi. A kwarin Indus da Ganjis na Pakistan da Indiya ban-ruwa ya rage zafin da ma'auni ke nunawa, amma iska mai danshi tana hana gumi bushewa, kuma jikin mai aiki a rana da gumi yake kare kansa.

Daji: hannu uku, ba duka ke ja gefe ɗaya ba

Daji yana taɓa lissafin ta hanya uku. Yana da duhu, saboda haka yana shan haske fiye da gona ko rairayi, wannan dumamawa ce. Yana da doguwar saiwa da ke kai wa ga ruwan da ciyawa ba ta isa ba, wannan sanyayawa ce. Na uku, samansa ba sumul yake ba. Iska idan ta bugi rassa sai ta hargitse, ta riƙa kwasar zafi daga ganye tana kai shi sama da sauri, kamar fifita a kan kunu. Wanne zai rinjaya? Wurin ne ke yanke hukunci.

A Kwango da Amazon ruwa ya wadata duk shekara, saboda haka hannu na biyu ne ke da rinjaye. Inda aka sare daji aka mai da shi makiyaya, tauraron ɗan'adam yana ganin saman ƙasa ya ƙara zafi da rana, har da digiri da dama a lokacin rani. A Kanada da Saberiya labarin ya juye. Can ƙanƙara mai laushi tana mayar da kashi 80 ko fiye na haske, baƙin daji kuma yana rufe ta, ga shi sanyi ya hana ganye fitar da ruwa sosai. Dasa daji a irin wannan wuri yana iya dumama yankin.

Mu kuwa a tsakani muke, kuma misalin da ya fi kama da namu shi ne dajin Yatir da aka dasa tun shekarun 1960 a bakin hamadar Negeb ta Isra'ila, inda ruwan shekara bai kai milimita 300 ba. An shafe shekaru ana aunawa a can. Dajin yana riƙe ƙarfin rana fiye da filin da ke kewaye, babu kuma isasshen ruwan da zai kashe shi. Duk da haka samansa ya fi na filin sanyi da wajen digiri 5, domin hannu na uku yana miƙa zafin ga iska ta yi sama da shi. Wato ƙarƙashin itace da jikin itace sun yi sanyi, amma jimillar zafin da aka tura sararin sama ta ƙaru.

Wannan ya warware rabin gardamar majalisa. Mai cewa ƙarƙashin darbejiya ya fi sanyi ya yi gaskiya: an tare masa hasken rana kai tsaye, ƙasar da yake zaune a kai ba ta gasu ba balle ta yi masa huci. Amma idan aka auna iskar kanta a inuwa da wajenta, bambancin ba ya cika wuce digiri ɗaya ko biyu. Itace famfo ne, ba na'urar sanyi ba. Idan saiwarsa ba ta samu ruwa ba, sai ya rufe ƙofofin ganyensa ko ya zubar da ganyen, ya rage sai inuwa.

A nan gawo ya yi fice. Saiwarsa tana nutsawa har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, yana yin ganye da rani lokacin da ƙasa ta fi buƙatar rufi, ya kakkaɓe shi da shigowar damina lokacin da gero ke neman haske. A ma'aunin shiga da fita, babu itacen da ya dace da gonar Sahel kamarsa.

Gajimare: lema da rana, bargo da dare

Gajimare mai kauri yana mayar da fiye da rabin hasken da ya faɗa masa. Yana kuma kama hucin ƙasa ya dawo da shi. A duniya baki ɗaya, gajimare yana hana wajen wat 47 shigowa a kowane murabba'in mita, yana riƙe wajen 26 ko 27 da za su fita, don haka ribar sanyi ce ta kusan wat 20. Amma wannan matsakaici ne. Na ƙasa-ƙasa mai kauri sanyayawa yake yi. Siririn nan na can ƙololuwa, mai kama da zaren auduga, yana barin haske ya wuce amma ya tare huci, saboda haka dumamawa ya fi yi.

Da dare babu hasken da za a tare, aikin bargo ne kaɗai ya rage. Idan sama ta yi garau kuma iska ta bushe, ƙasa tana iya asarar wat 80 zuwa 100 ta huci dare ɗungurungum. Idan gajimare na ƙasa-ƙasa ya rufe, asarar ba ta fi 10 ko 20 ba. Ko babu gajimare, tururin ruwa kaɗai yana wannan aiki. Shi ya sa asubahin Janairu a Kano ke sauka ƙasa da digiri 15, domin iskar hunturu ba ta da danshin da zai riƙe komai. Shi ya sa kuma ƙarshen Afrilu da Mayu suka fi wahala: iskar teku ta fara shigo da danshi sama, amma ruwa bai sauka ya jiƙa ƙasa ba. Da rana babu randa, da dare ga bargo. Irin waɗannan darare ne suka fi kwantar da tsofaffi, jarirai da masu ciwon zuciya ko ƙoda, saboda jiki bai samu hutun da yake samu da dare ba.

Hazon hunturu, wanda mafi yawansa ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, yana yin rabin aikin gajimare: yana rage hasken da ke isowa ƙasa, rana ta yi fari kamar faranti, yini ya yi sauƙi.

To, daji yana kiran hadari?

Wani lokaci, a wani wuri, kuma ba lallai a kansa ruwan zai zuba ba.

A kudu maso yammacin Ostareliya akwai wata doguwar danga da aka kafa don tare zomaye. Gefe ɗaya an share an shuka alkama, ɗaya gefen an bar kurmin asali. Hotunan sama sun sha nuna gajimare yana taruwa a kan kurmin, ya tsaya cak a kan layin dangar. Kurmin ya fi duhu, ya fi hargitsa iska, yana tura ta sama har ta kai inda tururi ke dunƙulewa. A Faransa ma an ga gajimaren bazara ya fi yawa a kan babban dajin Landes, kuma ya ragu bayan guguwar Klaus ta kayar da itatuwa masu yawa a 2009.

A Sahel kuwa, binciken da Christopher Taylor na Birtaniya da abokan aikinsa suka fitar a 2011, bayan nazarin dubban hadura ta tauraron ɗan'adam, ya nuna wani abin mamaki. Hadari ya fi son ɓarkewa a inda busasshiyar ƙasa ta yi iyaka da jiƙaƙƙiya, a faɗin kilomita 10 zuwa 40, kuma a gefen busasshiyar yake haɗuwa. Dalili: busasshen fili yana zafafa iskarsa ta tashi, iska mai sanyi da danshi daga jiƙaƙƙen fili ta kwararo ta cike gurbin, su haɗu su yi sama. Sun ƙiyasta cewa hadari ɗaya cikin takwas a yankin ta haka yake farawa. Daga nan sai ya girma ya nufi yamma, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, shi ne hadarin gabas da kowa ya sani. Irin waɗannan manyan hadura su ke kawo mafi yawan ruwan Sahel.

Ma'ana, ruwan da ya sauka a Katsina yana iya zama an haife shi a Barno ko kan tsaunukan Jos, tururinsa kuma ya fito daga tekun Gini, ya faɗi a kurmin kudu, itatuwa suka sake mayar da shi sama kafin ya iso arewa. Amfanin daji ga ruwan sama inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Wanda ya dasa itace ɗari a bayan gari kada ya jira su jawo masa hadari. Amma abin da ake yi wa dazuzzukan kudancin Najeriya, Gana da Kwaddibuwa ba ruwan 'yan kudu kaɗai ba ne.

Wa ya jawo farin 1973 da 1984?

Wannan tambaya ce ta shigar da lissafin cikin siyasa. A 1975 Jule Charney, masanin yanayi a jami'ar MIT ta Amurka, ya kawo wani bayani: kiwo da sara sun tone farin rairayi, albido ya hau, ƙasa ta rage riƙe ƙarfi, iskar sama ta yi sanyi ta riƙa sauka maimakon tashi, hadari ya kasa haɗuwa, tsiro ya ƙara mutuwa. A kwamfuta ya ɗaga albidon yankin daga kashi 14 zuwa 35, sai ruwa ya ragu da wajen kashi 40. Bayanin ya karɓu, ya yi tasiri a zamanin taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977, kuma laifi ya faɗa kan makiyayi da manomi.

Daga baya aka gano sauyin albidon da ya faru a zahiri bai kai wanda ya sa a kwamfuta ba. Hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 1980 sun nuna bakin hamada yana gaba yana baya ne gwargwadon ruwan shekara. Binciken Chris Folland da abokansa a 1986, da na Alessandra Giannini da nata a 2003, sun nuna cewa sauyin ɗumin tekuna shi ne babban direba: arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka kwatanta da kudancinsa, tekun Indiya ya yi ɗumi, sai damina ta kasa haurowa arewa yadda ta saba. Ana kuma danganta wani ɓangare na sanyin arewacin Atlantika da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan zamani.

Wannan bai mai da Charney maƙaryaci ba. Teku ce ke kunna wutar, ƙasa tana hura ta: idan tsiro ya mutu, fari yana ƙara tsanani da daɗewa. Tarihi ma ya nuna ƙarfin wannan hurawa. Tsakanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce Sahara tana da ciyayi da tafkuna, kuma kwalekwalen Dufuna da aka tono a Yobe, mai shekara kusan 8,000, daga wancan zamani yake. Sauyin kewayawar duniya ne ya fara jawo ruwan, amma lissafin masana ba ya cika sai an sa gudunmawar tsiro da tafkuna a ciki. Abin da ba daidai ba shi ne ɗora wa mai akuya goma alhakin abin da ya faro daga tsakiyar teku.

Abin da ya rage a hannun mai gona da mai gida

Shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya fara ne da hoton layin itatuwa mai faɗin kilomita 15 da tsawon kusan 8,000, daga Senegal zuwa Jibuti. Yanzu an karkata zuwa gyaran ƙasa wuri-wuri, kuma lissafin nan yana goyon bayan hakan. Itacen da aka cusa a inda ruwan shekara bai isa ya ciyar da shi ba, ko ya mutu, ko ya sha na rijiya. Wani bincike a gonakin kaɗanya na Burkina Faso ya gano cewa ruwa ya fi samun shiga ƙarƙashin ƙasa inda itatuwa suke tsaka-tsaki: idan babu su ƙasa ta zama faƙo ruwa ya gudu, idan sun yi cunkoso su shanye shi.

Wannan shi ne tsarin da manoman Maraɗi da Damagaram suka bi tun shekarun 1980 da sassaben zamani. Maimakon a tumɓuke kututturen sabara, kalgo ko gawo lokacin sharar gona, sai a zaɓi tsiro biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kowanne, a datse sauran, a riƙa sassabe rassan ƙasa. Saiwar ta riga ta yi nisa, ba ta buƙatar ban-ruwa. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta haka a Nijar ya kai hekta miliyan 5. A kwarin Majiya na jihar Tawa kuwa, tun 1975 aka dasa layukan dogon yaro bibbiyu, tazarar mita 100 tsakanin layi da layi. Shingen itace yana rage ƙarfin iska har nisan da ya ninka tsayinsa sau goma ko fiye, kuma idan busasshiyar iska ta lafa, ruwan da take zuƙewa daga ganye da ƙasa yana raguwa. Kuskuren da ake yi shi ne barin giɓi a layi, domin iska tana matsewa ta giɓin ta fito da ƙarfin da ya fi na da, ko kuma a dasa layin daidai da hanyar iska maimakon a gicciye ta.

A faƙo, inda ruwa ke zamewa, ramukan tassa, wato ƙananan ramukan shuka, da masu siffar rabin-wata suna tsayar da shi ya nutse, kuma duk litar da ta nutse ita ce za ta fito ta ganye daga baya ta tafi da zafinta.

A cikin gari lissafin bai sauya ba. Kwalta, siminti da tsohon kwano suna shan haske, ba su da ruwan da za su kashe shi, sai su adana su sake shi da dare. Farin fenti a kan rufi yana mayar da mafi yawan hasken tun kafin ya shiga, amma ƙurar hunturu tana dusashe shi, sai an wanke kafin bazara. Silin da ƙofar iska tsakaninsa da kwano suna tare hucin da ke saukowa ɗaki. Itace kuwa, idan ɗaya za a iya dasawa, a sa shi yamma da ɗaki, domin bangon yamma ne ke shan ranar la'asar a lokacin da iska ta kai ƙarshen zafinta, kuma shi ne ke ta huci cikin ɗaki har bayan isha'i. A bar tazarar mita biyar ko fiye tsakaninsa da bango da ramin masai, saboda saiwar darbejiya tana bin danshi duk inda yake.